Bangon da Na Ƙi Zanawa

Zuwa ga maigidana, injiniyan da ya tafi tare wa duniya kogi ya bar famfon kicin ɗinsa yana ɗiga,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka da sauron sansaninku. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta fara takawa ba sanda. Yaya da yaranta lafiya lau, ta ce in gaya wa ƙaninta ya rage shayi ya ƙara abinci.

To, gyara zama. Ranar Talatar da ta wuce rayuwata ta juya, kai kuma kana can inda waya ba ta shiga, na rasa wanda zan yi wa ihu sai madubi.

Ka san aikina a ofis tun da na fara: in zana banɗaki, in zana matakala, in miƙe layin da wani ya karkata. Ranar ina zaune, littafina a buɗe cikin aljihun tebur, jarumar tana tsakiyar kuka, sai ga Mai Tabarau, shugaban ofishinmu, ya fito riƙe da fayil. Ya nufi teburin Mai Akwati, abokin aikin nan nawa da na ce maka ko asibiti aka ba shi ko gidan kaji, akwati zai zana. Ya tarar aiki ya binne shi. Sai ya juyo kaina.

"Ke, 'yar mafarki, rufe aljihun nan. Na san abin da ke ciki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya dangwarar da fayil ɗin a gabana ya ce wani rukunin gidaje ne ke son gidan shaƙatawa na mazauna: zauren taro, ɗakin karatu, ɗakin motsa jiki, da ɗan kicin. Ya ce, "Ƙaramin aiki ne. Ki zana, in duba, in sa hannu. In kika kawo mini fada irin ta littattafanki, kin koma banɗaki."

Da la'asar na je na ga filin. Yana bayan rukunin, bayan layin gidaje na ƙarshe. Tsamiya biyu ne manya da mangwaro guda a gefe. Mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, wata na yi wa 'yarta kitso, tsofaffi sun jeru a kan wani benci mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo. A takardar kwamitinsu kuwa an rubuta a sare bishiyoyin, a kafa gini a tsakiya, a shafe sauran da siminti saboda motoci. Na ce a raina, mutanen nan ai sun daɗe da gidan shaƙatawarsu, rufi kawai suka rasa.

Ga abin da nake so in yi, kuma kada ka yi dariya. Zan matsa da ginin gefe in bar bishiyoyin. Zauren zai kasance da bango uku. Ɓangaren da ke kallon lambu kuwa ƙyauraye ne masu naɗewa daga wannan kusurwa zuwa waccan, in an naɗe su babu komai tsakaninka da tsamiya. Rufin ya zarce waje ya zama baranda mai faɗi. Daɓen ciki da na waje su zama ɗaya, tayil iri ɗaya, tsayi ɗaya, babu dakali babu matakala, ta yadda ƙafar mutum ba za ta san lokacin da ta fita ba. Tagar kicin ma biyu ce, ɗaya ciki ɗaya waje.

Ka san inda na samo shi? A duk littattafan da kake yi mini tsiya a kansu, ba a taɓa faɗin maganar kirki a tsakiyar taro ba. Sai an zame an fita bakin ƙofa, inda hayaniya ke bayanka iska ke gabanka, sannan baki yake buɗewa. Ni wannan bakin ƙofar nake so in gina, sauran ginin rakiya ya yi masa.

Amma kada ka ɗauka murna ta sa na manta da kai. In na dawo gida ɗakin nan faɗi yake yi mini, har muryata nake ji tana dawowa. Wallahi da za a ce ga wuri kusa da kai, ko bukka ce, ko ɗakin ajiye siminti, da na ƙulle kayana a ɗankwali na taho da ƙafa, na bar duniya da abin da ke cikinta.

Taka, mai jiran motar kayan abincinku kamar ita ce ke ɗauke da numfashinta.

*

'Yar littafi,

Wa alaikis salam. Lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da ya kama ni ya sake ni. Ki gaishe da Inna da kyau, ki ce kada ta yi garajen jefar da sandar. Yaya kuma ki ce mata na ji.

Takardarki ta iso tana warin albasa, duk da turaren da kika fesa mata. Direban a cikin buhu ya sa ta. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Barka da arziki. Na yi murna ƙwarai, har na ba wa abokan ɗakina labari, yanzu sun koma ce mini mijin mai zane. Sai dai ni a iya yawona ban taɓa ganin gini mai bango uku ba sai garejin mota. Amma ke kika karanta zanen gini, ni ruwa na karanta. Allah ya ba da sa'a.

Maganarki ta ƙarshe ita ta tsaya mini. Ban san kaɗaicin ya kai haka ba. Kin san ni ban iya jera kalmomi ba, abin da hannu zai iya shi na sani. Na fara wata magana a nan, ba zan faɗa miki ba sai ta nuna, kada in sa miki rai a banza.

Famfon kuma ki kira mai gyara, roba ce ta cinye. Kada ki ɗaure shi da tsumma.

Mijinki.

*

Ranka ya daɗe mijin mai zane,

Gaisuwa da fatan murar ta tafi ba dawowa. Inna lafiya, sandar tana nan amma kaji take kora da ita. Ni ma lafiya, sai ciwon wuya na sunkuyo a kan tebur. Famfo an gyara. Tsumman ma ya yi iya ƙoƙarinsa, a daina raina shi.

Na kai zanen gaban kwamiti, kuma saura kaɗan su cinye ni ɗanya. A falon Ciyaman aka zauna. Tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, in yana magana sai ka ce sanarwa yake karantawa. Ya shimfiɗa takardar, ya bi ta da yatsa gefe ɗaya, gefe biyu, gefe uku, sai ya ɗago.

"Yarinya, ina bango na huɗu? Ko tawada ce ta ƙare?"

Aka kwashe da dariya. Na yi bayani. Ya ce, "Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ke kuma kin hutar da ƙadangaren, kin cire bangon gaba ɗaya." Wani ya ce sauro. Wani ya ce ɓarayi. Wani mai ƙaton agogo ya ce shi wuri yake so a rufe ruf, a kunna esi mai sanyaya ɗaki, tayil na ƙyalli, in baƙo ya shigo ya san ba ƙananan mutane ke zaune a rukunin ba. Na ce ƙyaurayen ana rufe su a kulle, akwai raga ta sauro, esi ma zai yi aiki ranar da aka so. Ko sauraro ba su yi ba.

Mace ɗaya ce a kwamitin, wata nas. Sai can ta ce, "Ni dai abin da na sani, duk taron da aka yi a rukunin nan sai yaro ya yi kuka na fita da shi. Kafin in dawo kun gama yanke shawara, har kun yi addu'a. In akwai ginin da zan tsaya a waje ina jijjiga ɗana kuma ina jin abin da kuke ƙullawa, ina so in gan shi."

Wannan ya ba ni ƙarfi. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ba ta iya magana ba. Ku ba ni yammacin Asabar, gani ya kori ji."

Yanzu ka riƙe zuciyarka. Na kwashe duk zannuwan gadon gidanmu, har da na cikin akwati da ba mu taɓa shimfiɗawa ba, na haɗa da labulen falo. Na sami wani kafinta ya kafa mini sanduna a filin daidai inda kusurwoyin zauren za su tsaya, muka ja igiya, na rataya zannuwan gefe uku. Gefe na huɗu na bar shi a buɗe yana kallon tsamiya. Na ari tabarmin matan na jera su tun daga ciki har ƙarƙashin bishiya, ba tsinkewa. Na sa kujeru, ban ce wa kowa ga inda zai zauna ba.

Da ka ga ikon Allah. Tsofaffi suka zauna ciki, mata suka bazu daga ciki zuwa waje, hira ɗaya ake yi ba wanda ya ɗaga murya. Ciyaman ya fara zama can ƙurya, hannu a naɗe a ƙirji. Ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya ja kujera gaba kaɗan, wai zanen gado na taɓa masa hula. Ya ƙara ja, wai bai ji abin da aka ce ba. Kafin magariba ƙafafun kujerarsa biyu na ciki biyu na waje, ya tuɓe takalmi, iska na kaɗa masa riga. Nas ta ce, "Ciyaman, kana ciki ne ko kana waje? Mu san inda za mu kawo maka ruwa." Bai yi dariya ba. Amma da zai tafi ya ce, "A ci gaba da zanen, mu gani."

Na dawo gida da ƙullin zannuwa a ka, duk sun yi ƙura, ina tafe ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa jin na cika mutum ba kamar yammacin nan.

Abu ɗaya ne: wata ƙawar Yaya a rukunin take zaune. Ta tsaya ta ƙare wa zanen gadon nan mai shuɗɗan furanni kallo, sannan ta ƙare mini. Na san labari ya riga ni isa gida. Su yi ta yi.

Wace magana ce ka fara kake ɓoye mini? In ƙarin girma ne, ina da kaso.

Taka.

*

Maigida,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Ina fatan kai ma haka, ko da yake fata kawai nake yi, tunda ba abin da na ji daga gare ka. An ce mini a ofishin kamfaninku ruwa ya cinye hanya, mota ba ta zuwa. Na yarda. Amma zuciya ba ta san hanya ta yanke ba, ita dai ta san an yi mata shiru. Zan bar wannan a wurinsu ta bi 'yar'uwarta duk ranar da aka tashi.

Na yi kuskure, kuma a gaban jama'a.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ranar Alhamis. Yana tsagaitawa na ruga filin don in ga yadda bishiyoyina suka yi wanka. Ashe duk filin gangarowa yake yi zuwa inda na sa zauren. Ruwan lambun kaf ya taru a layin ƙofata, wannan layin da na ce babu dakali babu matakala. Na tsaya a kai, ruwa ya rufe mini idon sawu, sandunan da muka kafa suna iyo. Da rani na yi ta zuwa wurin, idona na sama yana auna inuwa, na dogara da tsohon awon da ke cikin fayil ban sa an sake ba.

Ina tsaye sai ga Ciyaman da lema. Ya ce, "Malama mai zane, ashe har da wurin ninkaya kika sa mana ba ki faɗa ba?"

A ofis Mai Tabarau bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kin kalli sama kin manta ƙasa." Mai Akwati ya matso da fuskar tausayi, wai abin mai sauƙi ne: a ɗaga daɓen da matakala uku, a ja bango, a huda taga biyu, kowa ya huta. Na ce masa in aka sa matakala ko ɗaya ce, an raba ciki da waje, tsoho zai tsaya a sama, mai goyo za ta tsaya a ƙasa, an koma gidan jiya. Ya ce, "To ki roƙi ruwan ya yi miki kara." Na ce zan roƙa, ai ina da hanya a wurinsa.

An ba ni zuwa zaman kwamiti na gaba. In ban kawo mafita ba, bango za a ja.

Don haka ga tambayata, kai da ka tare kogi guda. Yaya ake hana ruwa shiga ƙofar da ba ta da dakali? Na zana maka yadda filin ya kwanta a bayan takardar nan, na sa an sake awon da na'ura, lambobin suna gefe. Kada ka ce mini in ɗaga daɓe. In ka ce haka, na san kai da Mai Akwati uwarku ɗaya.

Ka amsa, don Allah. Ko layi biyu ne.

Matarka.

*

Zuwa ga matata,

Salamu alaiki. Ina lafiya. An gyara hanya shekaranjiya. A gaishe da Inna.

Takardu uku suka iso mini a tare, biyu naki, ɗaya ta Yaya. Da ma ɗaya bayan ɗaya suka zo, da wataƙila na fi iya haɗiye su.

Bari in fara da maganar da na ɓoye, tunda ta nuna. Kin rubuta mini cewa da akwai wuri kusa da ni, ko ɗakin siminti ne, da kin taho da ƙafa kin bar komai. Na ɗauki maganar na kai wa manaja. Akwai 'yan gidajen iyali a bayan sansani, ba su da yawa, mutane na layi a kansu. Ba a ba wa kowa sai wanda ya sa hannu zai ƙara shekara biyu a nan. Kin san da ƙarshen shekarar nan ya kamata in dawo gida gaba ɗaya. Na sa hannun. An ba ni makulli tun kafin hanya ta yanke.

Ɗaki biyu ne da kicin. Ni na yi masa fenti da hannuna bayan an tashi aiki. Na roƙi katako a wurin kafintoci na kafa miki wurin jera littattafai a jikin bango, kusa da taga, inda haske ke shigowa. Kullum sai na je na buɗe na duba na rufe, abokaina na yi mini dariya.

Sai ga takardar Yaya, wai an baje zannuwan gadonmu a filin unguwar mutane, maza na zaune a tsakiya, har ana nuna wanda aka saya da wanda aka ba mu. Wannan na ji kunya, amma na haɗiye, na san halinki. Abin da ya ƙi wucewa shi ne naki. Kin ce tun da aka kawo ki gidana ba ki taɓa jin kin cika mutum ba sai ranar. A cikin ɗakin da na yi wa fenti na karanta wannan layin. To a gidana me kike? Rabi?

Yanzu wacce zan ɗauka, takardar farko ko ta biyu? Ni in aka ba ni zane biyu masu karo da juna, tsayar da aiki nake yi. Amma wannan ba ya tsayuwa. Ƙa'idar gidan ita ce in iyali ba su shiga ba kafin ƙarshen wata, a ba na baya a layi. Sa hannuna kuwa ba ya gogewa, ko kin zo ko ba ki zo ba, shekara biyun suna kaina.

Ban taɓa ce miki dole ba tun da muka yi aure. Yau na ce. Ki ajiye aikin, ki haɗa kaya, Yaya za ta taya ki. Na yi magana da direba zai zo da babbar mota a zuwansa na ƙarshen wata.

Mijinki.

Na rufe takardar na sake buɗewa, don na kalli zanenki na bayan takarda kuma abin zai dame ni in ban faɗa ba. Ruwa ba a yi masa gardama a bakin ƙofa, tun daga nesa ake ba shi hanya. A karya gangarar lambun ta juya baya ga ginin. A tsakiyar lambu a yi kwari mai faɗi marar zurfi, a cika shi da tsakuwa, ya zagaya ya fita ta ƙasan filin, amma a nisanci saiwar tsamiya. A layin ƙofa a sa siririyar magudana daga kusurwa zuwa kusurwa, a rufe ta da ragar ƙarfe daidai da daɓe, ƙafa ba za ta ji ta ba. Daɓen baranda ya ɗan sunkuya waje kaɗan. Ba sai an sa dakali ba. Ki ba wanda zai karɓi aikin.

*

Maigidana,

Wa alaikas salam. Na gode wa Allah da kake lafiya. Inna lafiya, ta ce a gaishe ka, ta kuma ce ita ba ta shiga tsakanin harshe da haƙori. Ni ma lafiyar jiki ƙalau.

Na karanta maganar katakon littattafai na kifa kaina a tebur na yi kuka har takardar ta jiƙe. Ina so ka san wannan kafin sauran.

Ka tambaye ni wacce za ka ɗauka. Ka ɗauki duka biyun, don babu ƙarya a ko ɗaya. Ranar da na ce zan taho da ƙafa, haka zuciyata take, kuma yau ma in na shiga ɗakin nan haka take. Amma kai ka karanta takardar matarka kamar zanen aiki. Na ce da ƙafa, ka tashi ka auna hanya. Kewa na gaya maka, irin yadda na iya faɗinta. Da ka yi mini tambaya ɗaya, layi ɗaya a cikin buhun albasa, "In na samu wuri za ki zo yanzu?" da na ba ka amsa kafin ka ɗauki biro. Ka sa hannu a kan shekara biyu, naka da nawa, ka ɓoye mini wai kada ka sa mini rai. Yanzu kuma ka ce dole. Wanda bai yi shawara da ni ranar sa hannu ba, bai kamata ya kawo mini dole ranar biya ba.

Maganar cika mutum kuwa, ba zan janye ta ba, ko da ta yi zafi. A gidanka ni matarka ce, ana sona, ban rasa komai ba. A filin nan kuwa na faɗi abu, dattawa suka yi dariya, na tsaya a kan bakana har mai dariyar ya ja kujerarsa da kansa. Ban taɓa sanin ina da wannan a jikina ba. Kai ka san naka tuntuni, kullum kana tsaye a gaban kogi yana bin inda ka ce. Na ɗauka in na gaya maka, kai ne za ka fi kowa ganewa.

Yaya ta zo jiya da kwalaye da igiya, ko zama ba ta yi ba ta fara sauke tukwane. Na ce ta bari. Ta riƙe ƙugu.

"Ke yanzu miji ya kira ki, ki tsaya kina shawara? A kan me? A kan rumfa?"

Na ce, "Yaya, ba rumfa ba ce, aikina ne."

Ta ce, "Littattafan nan ne suka ɓata ki. Ai ko a cikinsu matar bin mijinta take yi."

A nan ta yi gaskiya. A littattafaina, daidai wannan wurin ne jaruma ke ɗaukar jakarta ta shiga mota, a rufe labari kowa na hawaye. Na karanta irinsu ba adadi, ban taɓa tambayar me ta bari a kan teburinta ba, ko wa ya ƙarasa shi. Na mayar da tukwanen inda suke, na dafa wa Yaya shayi. Ba ta sha ba.

Bayaninka na ruwa na zauna na zana shi, Mai Tabarau ya duba ya gyara wuri biyu. Na kai wa kwamiti. Ciyaman ya sa aka kawo bokiti, ya ce in nuna masa a ƙasa inda ruwan zai bi. Na nuna. Sai ya ce, "Wa ya koya miki ruwa?" Na ce a gida nake da shi. Suka amince, mai ƙaton agogo kaɗai ya ƙi ɗaga hannu.

Ka ce in ba wanda zai karɓi aikin. Mai Akwati ne zai karɓa, kuma ko shi ba ne matsalar ba. Magina ne. Tun da suka fara riƙe cokalin gini ba su taɓa yin ƙofa ba dakali ba, hannunsu da kansa yake yi. Shugabansu ya riga ya tambaye ni sau biyu inda zai sa shi, na ce babu, ya ce to, da irin "to" ɗin da ake ce wa yaro. Mai Tabarau ya faɗa mini a fili: irin wannan ginin ba a takarda ake kare shi ba, sai mai zanen na tsaye ranar da ake zuba daɓe, da ranar da ake kafa ƙyaure, da duk ranar da wani ya zo da shawarar sauƙi. In na juya baya mako guda, zan dawo in tarar da dakali. In na tafi gaba ɗaya, bango za a ja, a ce ai da ma yarinyar mafarki take. Ya ce ba zai sa hannu a zanen ba sai na yi alkawarin tsayawa har a rufe rufi a zuba daɓe. Aikin zai kai bayan damina, wataƙila ya wuce.

Na san abin da nake jawo mana. Gidan zai tafi, fentinka da katakonka wata za ta mora, kai kuma ka koma ɗakin gwauraye da shekara biyu a wuya. Wannan yana ci mini rai, kuma ban san ranar da za ka huce ba. Ina sonka yadda ban iya rubutawa ba, ni da ba na rasa kalma. In ka samu hutu ka zo, ka yi mini faɗan a gabana, na fi son haka da shiru.

Na yi wa Mai Tabarau alkawarin, ya sa hannu. Na gaya wa direba kada ya zo da babbar mota. Ka ba na bayanka makullin. Ranar Litinin za a fara haƙa harsashi, kuma ina wurin.

Matarka.